Aisotof: A San Abu Kafin A Raɗa Masa Suna

Ɗalibin Hausa da ya ci karo da kalmar "aisotof" yakan are ta yadda take, ya wuce. Wannan gaggawa asara ce, domin kalmar kimiyya ba ta zaunawa a harshe sai an fahimci abin da take nufi.

Aisotof ƙwayoyin zarra ne na sinadari guda. Adadin furoton ɗinsu ɗaya ne, amma yawan niyutiron ya sa nauyinsu ya bambanta. Na'urar tantance nauyin zarra ce ke rarrabe su. Ana sa wa ƙwayoyin cajin lantarki, a harba su ta cikin ƙarfin maganaɗisu. Marasa nauyi sukan karkata sosai, masu nauyi kuwa kaɗan, kowane rukuni ya sauka a wurinsa, a ƙidaya shi. Francis Aston ya ƙera irin wannan na'ura a Kambirij a 1919, ya tabbatar cewa iskar niyon tana da nau'i mai nauyin 20 da mai nauyin 22.

Amfanin wannan awo ya bayyana a 1972. A Faransa aka auna yuraniyom da aka haƙo a Oklo ta ƙasar Gabon, aka tarar da nau'in 235 ya kai kashi 0.717 cikin ɗari, alhali an saba ganin 0.720. Wannan ɗan giɓi ya kai masana ga gano cewa ƙwayoyin yuraniyom sun yi ta tsagewa da kansu a ƙarƙashin ƙasa kimanin shekaru biliyan biyu da suka shige. Ƙasar Nijar, mai ma'adinin yuraniyom a Arlit, ta cancanci a iya bayyana wa jama'arta irin wannan ilimi da Hausa.

To, wane suna ya dace? "Tagwaye" yana da daɗin ji, amma ya gaza, domin yuraniyom na ƙasa nau'i uku ne: 234 da 235 da 238. Asalin kalmar a Girkanci "wuri ɗaya" take nufi, saboda dukansu gida guda suke zaune a jadawalin sinadarai. Saboda haka "'yan gida ɗaya" ya fi kusa da gaskiya. Ɗalibin da bai san aikin na'urar ba, da wuya ya gane kuskuren sunan farko.