SHARHI: Manhajar da ke tsaron ƙofar mahaƙar kwal a Ostireliya, da haɗarin da ba ta iya hangowa

A manyan wuraren haƙar kwal na jihar Queensland da ke ƙasar Ostireliya, ma'aikaci ba ya shiga filin aiki sai kwamfuta ta amince. Da ya iso ƙofa zai ɗora katinsa a kan na'ura, a wurare da dama kuma sai ya hura numfashi a bututun gwajin barasa. Cikin 'yan daƙiƙoƙi manhaja za ta duba ko takardar shaidar horonsa tana da sauran wa'adi, ko gwajin lafiyarsa bai tsufa ba, ko ya kammala darasin sanin ƙa'idojin wannan wurin. Idan ɗaya daga ciki ya gaza, ƙofa ba za ta buɗe ba.

Wannan harka ta zama babban kasuwanci. A 2021 kamfanin Avetta na Amurka ya sayi Pegasus, ɗaya daga cikin fitattun masu irin wannan manhaja a Ostireliya, sannan a 2024 kamfanin Ideagen na Birtaniya ya sayi Damstra. Kamfanonin ma'adinai, mai da iskar gas na biyan kuɗi a tsara musu manhajar daidai da yanayin kowane wurin aiki. Sai dai binciken da hukumomin Queensland da kansu suka gudanar a 'yan shekarun nan ya nuna cewa cikar takardu daban, tsiran rai daban.

Abin da ya haifar da buƙatar

A watan Agustan 1994 wata fashewa a ramin kwal na Moura mai lamba 2 ta halaka mahaƙa 11. Bayan wannan ne jihar ta kafa dokar kare lafiya da rayukan masu haƙar kwal ta 1999, wadda ta ɗora wa babban jami'in kowane wurin haƙa alhakin tabbatar da cewa ba a sa kowa aikin da bai ƙware a kai ba. Akwai horon share fage da ake kira Standard 11, kuma ƙa'ida ta tanadi a riƙa sabunta horo aƙalla sau ɗaya cikin shekara biyar.

Wahalar ita ce, kaso mai yawa na masu aikin ba ma'aikatan kamfanin da ke da ramin ba ne. 'Yan kwangila ne da ma'aikatan haya, waɗanda yau suna wannan wuri, wata mai zuwa suna wancan. Mai gyaran lantarki, direban babbar motar kwasar ƙasa da mai walda, kowa da jerin takardun da ake buƙata daga gare shi, kowace takarda kuma da ranar ƙarewarta. Riƙe wannan lissafi na dubban mutane a cikin fayil-fayil na takarda aiki ne da kuskure ba ya ƙarewa a cikinsa.

Nan manhajar ta yi rana. Tana tattara bayanan kowane ma'aikaci wuri guda, tana aika gargaɗi kafin takarda ta mutu, tana ba shi darasi ta intanet tun kafin ya baro gida, kuma idan gobara ta tashi tana iya nuna adadin mutanen da ke ciki. Babu mai hankalin da zai raina wannan amfani.

Abin da alƙaluman mace-mace suka nuna

A 2019 gwamnatin jihar ta ɗora wa wani injiniya mai binciken haɗura, Dakta Sean Brady, aikin nazarin duk mace-macen da aka yi a mahaƙai da wuraren fasa dutse tun daga shekarar 2000. Ya samu mutum 47 sun mutu. A 17 daga ciki, mamacin ba shi da horo ko ƙwarewa a kan takamaiman aikin da yake yi lokacin da ajali ya same shi. A wasu 9 kuma an yi horon, amma bai wadatar ba. Haka nan, a 32 daga cikin mace-macen aikin na buƙatar mai sa ido, kuma a 25 daga cikinsu sa idon ya yi rauni ko babu shi kwata-kwata.

Masu sayar da manhaja na iya kafa hujja da adadin farko, kuma suna da gaskiya: na'ura na iya hana wanda ba shi da takarda hawa injin da bai sani ba. Amma sauran alƙaluman sun fi ƙarfinta. Wanda aka yi wa horo na jeka-na-yi-ka, a idon kwamfuta cikakken ma'aikaci ne. Ita dai ta san ya kalli bidiyo ya amsa tambayoyi. Ba ta san ko ya fahimta ba, ba ta kuma san ko shugaban aikinsa yana kusa da shi da ƙarfe uku na dare ba.

Brady ya kuma nuna cewa masana'antar ta fi dogara da matakan da suka fi rauni. A ilimin kare haɗura, mafi ƙarfin mataki shi ne kawar da haɗarin baki ɗaya, sai gina shinge tsakaninsa da mutum. Kafa ƙa'ida da ba da horo suna can ƙasa, domin sun dogara ne da cewa ɗan Adam ba zai yi kuskure ba. Manhajar horo, duk kyanta, a wannan mataki na ƙasa take.

Darasin Grosvenor

Ranar 6 ga Mayu, 2020, iskar metan ta kama da wuta a ramin Grosvenor na kamfanin Anglo American, kusa da garin Moranbah. Mutum biyar suka ƙone ƙwarai, dukansu ma'aikatan haya. Kwamitin binciken da tsohon alƙali Terry Martin ya jagoranta ya duba lokuta 27 da iskar ta haura kashi 2.5 cikin 100 a wannan rami, tsakanin Yulin 2019 da jajibirin fashewar. Metan kan zama abin fashewa ne idan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wuri.

Rahoton kwamitin na 2021 ya nuna cewa hanyoyin zuƙe iskar ba su iya ɗaukar saurin da ake haƙar kwal da shi ba, don haka an jefa ma'aikata cikin haɗarin da bai kamata a lamunta ba. Ya kuma gano cewa akwai fargaba a tsakanin ma'aikatan haya cewa wanda ya cika ƙorafi kan haɗari na iya rasa aikinsa. Ba ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli biyu da katin shiga zai magance. A watan Yunin 2024 wuta ta sake tashi a ramin, aka kwashe ma'aikata lafiya, aka rufe shi.

Cutar baƙin huhu ma ta koyar da irin wannan darasi. An daɗe ana zaton an kawar da ita a Queensland, sai ga ta ta sake bayyana a 2015. Shekara da shekaru ana yi wa mahaƙa gwajin lafiya ana cike fom, amma binciken da ya biyo baya ya gano ba a karanta hotunan ƙirji yadda ya kamata, kuma kwamitin majalisar jihar ya bayyana a 2017 cewa an jibge ɗimbin takardun lafiyar a cikin kwantenoni. Da a kwamfuta aka adana su ma, hoton da aka karanta ba daidai ba zai ci gaba da nuna mai ciwo a matsayin lafiyayye.

Wa manhajar ke karewa?

Tun daga Yulin 2020, dokar Queensland ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 20 ga babban jami'in kamfanin ma'adinai da sakacinsa ya jawo mutuwar ma'aikaci. Wannan ya ƙara wa adana shaida daraja. Manajan da zai iya nuna wa kotu rana da sa'ar da mamaci ya danna cewa ya karanta ƙa'ida, ya samu abin kare kansa. A nan gizo ke saƙa: kayan aikin da aka saya da sunan kare ma'aikaci na iya rikiɗewa ya zama garkuwar ma'aikata ta fuskar shari'a, laifi kuma ya gangaro kan ɗan kwangila ko kan wanda ya mutu.

Mafita tana cikin abin da Brady ya ba da shawara: a daina auna nasara da ƙarancin raunukan da suka hana zuwa aiki, domin adadi ne mai sauƙin murɗewa, a koma ƙarfafa kai rahoton haɗuran da aka tsallake rijiya da baya. Bisa wannan ma'auni, manhaja mai amfani ita ce wadda ba ta buɗe wa mutum aiki sai ƙwararre ya gan shi yana yi da hannunsa, wadda ke ba ma'aikacin haya damar kai ƙorafi ba tare da tsoron kora ba, kuma wadda sufetocin gwamnati ke iya bincikar bayananta kai-tsaye.

Batun ya shafi Najeriya, domin gwamnati na zawarcin masu zuba jari daga Ostireliya, har Ministan Ma'adanai Dele Alake ya halarci taronsu a birnin Perth a 2023. Duk kamfanin da ya zo zai taho da irin waɗannan manhajoji, kuma zai nuna wa hukuma allon da ke cewa komai ya cika. A ƙasar da rami ya rufta da mahaƙa a Galkogo ta ƙaramar hukumar Shiroro a Yunin 2024, rajistar da za ta nuna waye ke cikin rami ci gaba ne na gaske. Amma sufeton da ya tsaya a kallon allo bai yi rabin aikinsa ba. Sai ya sauka ramin, ya auna iska, ya duba tokaren rufi, ya kuma keɓe da leburan da ya fi kowa ƙarancin albashi ya ji ta bakinsa.