Mussa na lafiya lau, amma cikinta da ƙwayar da ta ƙi magani

A 2022 masu bincike na jami'ar Lisbon sun bayyana abin da suka gano a gidajen Fotugal da Ingila: wasu karnuka da wata mussa masu ƙoshin lafiya na ɗauke da ƙwayar E. coli mai bijire ma antibiyotik cikin hanjinsu. A wasu gidajen, irin bijirewar guda ce ga dabba da mai ita.

Mu ba mu kwana da kare bisa gado, amma mussa na cikin mangaza tana farautar ɓera gindin buhun gari, kuma kashinta ne hanyar. Irin waɗannan ƙwayoyi sun kashe mutum miliyan 1 da dubu 270 a 2019. In an duba yawan jama'a, Afirka ta Yamma ta fi jin jiki.

Mai tuwo, a rufe gari, a wanke hannu da sabuni. Kafson tebur kuwa, mu daina ɗura ma dabba shi sai likitan dabbobi ya ce.