Maganin yara kyauta bashi ne, kuma sai da lissafi ake biyan sa

Tun 2006 doka ta ce yaron da bai cika shekara biyar ba, kyauta za a duba shi a ba shi magani a duk asibitin gwamnati a Nijar. Gwamnatin Tandja Mamadou ce ta ɗauki matakin, bayan ta soke kuɗin tiyatar haihuwa a 2005. A watan Agusta na 2024 kuma Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a dokar da ta zabge rabin kuɗin ganin likita, awon jini, kwanciya da tiyata daga 1 ga Satumba, ta mayar da haihuwa kyauta, ta soke jaka 150 da ake karɓa a hannun mai ciwon ƙoda kafin a fara wanke masa jini. Wannan jarida tana bayan matakan biyu. Sai dai uwar da ta saba kai yaro mai zazzaɓi cibiyar lafiya ta unguwa, wadda ake kira CSI, ko a Bukoki take ko a Harobanda, ta san inda gizo ke saƙa: sau da yawa a duba yaron ba a karɓi ko dala ba, sannan a miƙo mata takarda ta je farmasi ta sayo maganin, domin a ɗakin ajiya babu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun tsarin Bamako na 1987, da kuɗin da marasa lafiya ke biya cibiyoyin nan suke sake sayen magani. Da aka ce yara kyauta, gwamnati ce ta ɗauki alkawarin maye gurbin iyaye: cibiya ta yi aikin, majo, wato shugaban cibiyar, ya rubuta yara nawa aka gani da abin da aka kashe, takardar ta bi ta gunduma da jiha ta iso Yamai, baitulmali ya biya. Ke nan kowane yaro da aka yi wa magani bashi ne a kan gwamnati. Shekara da shekaru bashin yana taruwa har ya kai miliyar da dama na sefa, wasu cibiyoyin suna jiran kuɗinsu fiye da shekara guda. Cibiyar da ba a biya ba ba ta iya cika kantarta, nauyin sai ya koma kan mahaifin da aka ce an sauke masa. Shi ya sa har yau fiye da kashi 40 cikin ɗari na abin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun iyalai yake fitowa. Ragin 2024 ma zai bi wannan hanya idan ba a kula ba, tunda rabin da aka yafe wa majinyaci dole wani ya biya wa asibiti shi.

Mun san tsarin yana da amfani saboda an ƙirga. A 1998, cikin yara dubu da aka haifa, 226 ba sa kai shekara biyar. A 2009 adadin ya sauko zuwa 128, kuma binciken da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya sa maganin kyauta, tare da ƙananan ɗakunan shan magani na karkara da rabon gidan sauro, cikin abubuwan da suka kawo saukowar. Alƙaluman sun fito ne daga bin gida gida ana tambayar iyaye mata. To yau fa? Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a 2012 aka yi ta, lokacin muna miliyan 17, a ƙasar da ke ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin ɗari kowace shekara. Babban binciken lafiya na 2017 an ajiye sakamakonsa ba a fitar ba saboda shakku a kan ingancinsa, sai wanda hukumar ƙididdiga ta INS ta yi a 2021 ya ɗan cike giɓin. A farkon 2025 kuma Amurka ta janye kuɗin da ta daɗe tana bayarwa don irin waɗannan bincike a ƙasashe da yawa. Unguwannin gefen Yamai kamar Kwara Tegi sun cika sun batse tun bayan 2012, amma kasafin maganinsu a kan ƙiyasi yake tafiya.

Wani zai ce takarda ba ta warkar da zazzaɓi, gara kuɗin kwamfuta da na masu ƙidaya a sayi magani da su. Maganar tana da nauyi a ƙasar da ba ta kai kashi 15 na kasafi da shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya a Abuja a 2001 ba. Amma yawancin aikin an riga ana yin sa. Ma'aikatan jinya suna cika rajista kowace rana, ma'aikatar lafiya kuma tana tattara rahotannin cibiyoyi a manhajar DHIS2. Abin da ya rage shi ne a ɗaure biyan kuɗi da wannan lissafi, a kuma bar jama'a su gani. Ƙorafi na biyu daga ɓangaren masu riƙe da kuɗi yake fitowa: ana kumbura takardun neman biya, dole a tantance kafin a saki. Gaskiya ne, inda duk ake biya a kan adadi za a samu mai ƙara sifiri. Sai dai tantancewar da ke cin shekara guda majon kirki take hukuntawa tare da mai ha'inci. A biya mafi yawan kuɗin cikin wata ɗaya ko biyu, a riƙe saura har a duba rajista, wanda aka kama a hukunta shi shi kaɗai.

Akwai wani giɓi da lissafin yanzu ba ya gani sam. Ranar da yaro ya cika shekara biyar kyautar ta ƙare, ko da sikila yake fama ko asma, ko da uwarsa ƙosai take soyawa a bakin titi. Rabin kuɗi ga wanda ba shi da komai har yanzu kuɗi ne. Taimaka wa irin wannan gida yana bukatar a san shi, wato rajistar iyalai marasa ƙarfi, wadda aka fara gina ta don shirin tallafin kuɗi. A nan muna da fargaba tamu. Yara da yawa ba su da takardar haihuwa, kuma mafi yawansu ƴaƴan talakawa ne da na waɗanda rashin tsaro ya koro daga Tilaberi. Idan aka mayar da kati sharaɗin shiga ɗakin likita, su za a fara korowa daga ƙofa. A yi wa yaron magani tukuna, a rubuta shi a wurin, ma'aikacin magajin gari ya ba shi takardarsa kafin ya bar asibiti. Sunan iyali da ciwonsu kuma amana ne, aikin hukumar kare bayanan mutane ne ta tabbatar ba su fita daga inda aka ajiye su ba.

Buƙatarmu ga ma'aikatar lafiya da ta kuɗi ba ta da tsada. Kowane wata uku a fitar da jadawali, gunduma bayan gunduma: yara nawa aka yi wa magani kyauta, nawa aka nema, nawa aka biya, nawa ya rage, kwana nawa maganin zazzaɓin cizon sauro ya yanke. A manna shi a ƙofar kowace CSI, a karanta shi a rediyon Muryar Sahel da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, a kuma sa kuɗin ƙidayar jama'a ta biyar cikin kasafin ƙasa.