Takalmin da sai an yi masa caji ba shi ne ci gaba ba

 A wannan tasha mun saba kwance waya da kwamfuta, mu duba batir, mu gwada kyamara. Yau ƙasa zan sauko da ku, har kan ƙafa. Ra'ayina shi ne, takalmin da ake zurawa ba tare da an sunkuya ba fasaha ce ta gaske, kuma da wuya a sami wanda ya fi Bahaushe buƙatarta. Sai dai irin wanda ya dace da mu ba shi ne mai batir da manhaja ba.

Mu fara da lissafi. Mutumin da ke sabunta alwala a kowace salla, kuma yake zuwa jam'i, zai cire takalmi wajen alwala, ya sake cirewa a ƙofar masallaci. Sau 10 ke nan a rana, sau 3,650 a shekara. Ban sa shiga ɗaki ba, ban sa gaida manya ko hawa tabarma ba. Shi ya sa silifas da faɗe suka zama abokan tafiyarmu, shi ya sa kuma in ka leƙa ƙofar masallaci za ka ga sau-ciki da yawa an take musu baya sun kwanta. Ba sakaci ba ne. Mai takalmin ne ya yi wa ƙirar gyara da dunduniyarsa, tunda maƙerinta bai yi tunaninsa ba.

A gida silifas na rufa asiri. Nan unguwar Glenwood da nake zaune, a birnin Greensboro na jihar Arewacin Karolina, labarin ya sha bamban. A watan Janairu sanyi kan sauka ƙasa da sifili da dare, kuma ɗalibin da zai tsallaka titin Gate City Boulevard ya shiga jami'ar UNCG da sassafe ba zai yi haka da silifas ba. Ɗakunan gwaje-gwaje, har da na injiniyoyi a jami'ar North Carolina A&T, ba a shigar su da yatsu a waje. 'Yan uwanmu na Nijar da Najeriya masu aiki a masana'antu da rumbunan ajiye kaya ma dole su sa rufaffen takalmi. To ga salla ta yi, ga hutun aiki na 'yan mintoci, ga igiya. A nan ne mutum ke gane cewa wannan matsala ce ta injiniya.

Matsalar kuwa mai sauƙin faɗa ce. Kewayen ƙafa daga dunduniya zuwa saman ƙafa ya fi kewayen idon sawu girma. Saboda haka bakin takalmi na buƙatar ya buɗe sosai lokacin shiga, sannan ya tsuke da zarar ƙafa ta zauna, in ba haka ba ya riƙa fita ana tafiya. Igiya na yin wannan aikin, amma da hannu biyu da sunkuyo. Duk wata sabuwar ƙira ƙoƙari ce ta yin aikin igiya ba tare da hannu ba.

Kamfanin Nike ya gwada hanya biyu, kuma kwatanta su ya isa darasi. Ta farko ita ce lantarki: HyperAdapt a 2016 kan dala 720, sai Adapt BB a 2019 kan dala 350. Akwai ƙaramin inji a ƙarƙashin tafin ƙafa da ke jan igiya, akwai batir, a Adapt BB kuma akwai manhajar waya. Abin burgewa a bidiyo, ba ƙarya. Amma a 2024 kamfanin ya janye manhajar daga shagunan manhajoji. Maɓallan jikin takalmin suna aiki, sai dai wanda ya sauya waya ya rasa wani ɓangare na abin da ya biya kuɗinsa. Ku yi tunanin wannan a garin da wutar cajin waya ma sai an yi sa'a.

Hanya ta biyu ta faro ne daga wasiƙa. A 2012 wani yaro ɗan shekara 16 mai suna Matthew Walzer, wanda ke da lalurar da ke hana shi sarrafa hannuwansa yadda ya kamata, ya rubuta wa kamfanin cewa yana son ya tafi jami'a ba tare da wani na ɗaura masa takalmi ba. Mai zane Tobie Hatfield ya ɗauki aikin, a 2015 aka fitar da FlyEase na farko mai zif da ke zagaye dunduniya. A 2021 sai ga Go FlyEase kan dala 120: takalmin na karyewa biyu a kan wani mahaɗi irin hinjin ƙofa, da wata roba da ta kewaye shi. Dabarar ita ce yanayi biyu kaɗai yake iya tsayawa, ko a buɗe ko a rufe, kamar makunnin fitilar bango. Ka taka ya rufe, ka danne bayansa da ɗaya ƙafar ya buɗe. Ba batir, ba waya. Abin takaici, da aka fitar da shi kaɗan ne, 'yan sari suka kwashe suka riƙa sayarwa da ninkin kuɗinsa, masu nakasar da ake tallarsa da sunansu suka yi ta ƙorafi.

Akwai hanya ta uku, wadda a ganina ta fi kusa da mu. Kamfanin Kizik na jihar Utah, da kuma Skechers da samfurinsu na Slip-ins, sun mayar da hankali kan dunduniya kawai. A na Kizik bayan takalmin na lanƙwasawa in ka taka, sannan ya dawo tsaye kamar sifirin. Wato abin da muke yi wa sau-cikinmu da ƙarfin tsiya ne aka mayar da shi ƙira. Kasuwar ta yi daɗin da a 2025 kamfanin da ya mallaki fasahar Kizik ya maka Skechers a kotu kan haƙƙin ƙirƙira.

Wani zai ce ai lalaci ne, sunkuyon daƙiƙa 20 me zai rage ka da shi? Ka tambayi tsohon da gwiwa ta hana shi ruku'u sai a kan kujera, ko mai tsohon ciki, ko wanda shan inna ya taɓa, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Wani kuma zai ce igiya ta fi kama ƙafa. Wannan gaskiya ne, don gudu da ƙwallo har yau ba kamarta, tunda kowa na ɗaurewa daidai faɗin ƙafarsa. Amma ita ma ba tsarkakakkiya ba ce: binciken da aka yi a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a 2017 ya nuna girgizar taku da lilon bakin igiya ne ke haɗuwa su kwance ƙulli. Kuma yawancinmu ba gudu muke zuwa ba, kasuwa ce da makaranta da masallaci.

Inda nake da ja da waɗannan takalman shi ne, ba don ƙasarmu aka auna su ba. Roba da leda na saki in sun daɗe a zafi ƙarƙashin nauyi, Kano da Sakkwato kuwa kan haura digiri 40 a Afrilu. Ƙurar hunturu maƙiyiyar duk wani hinji ce. Ƙafa mai damshin alwala ba ta sulɓewa cikin takalmi kamar busasshiya mai safa. Sannan in sifirin ɗin bayan ya karye, wane shumeka ne zai gyara? Duk mai shirin saye ya riƙe waɗannan tambayoyi huɗu, kada talla ta ɗauke masa hankali.

To mafita fa? Muna da fata, muna da majema, muna da dukawa a Ƙofar Wambai da Kurmi, muna da cibiyar binciken fata ta NILEST a Samarun Zariya. Ba kuma sai an kwafi ƙirar da ke da haƙƙin mallaka ba. Dabarar sa roba mai talewa a gefen takalmi tun zamanin Sarauniya Biktoriya take a Ingila, Vans ma da ita ya fitar da samfurinsa na zurawa a 1977, kowa na da damar amfani da ita. Abin da ya rage shi ne a haɗa ta da dunduniya mai ƙarfi da ta ɗan buɗe baki kamar cokalin takalmi, da shafi mai santsi a ciki, a kuma ɗinka ta yadda shumeka zai iya sauya robar in ta saki.

Ga ƙalubale ga ɗaliban injiniya na BUK da ABU masu neman aikin kammala digiri. Ku haɗa na'urar gwaji da injin waifar mota, da ƙafar katako, da Arduino mai ƙirga taku. Ku sa ta zura ta cire sau 7,300, rayuwar shekara biyu ke nan ta mai zuwa jam'i, a cikin zafi da ƙura. Ku kai wa baduku sakamakon, ku zauna tare ku gyara ƙirar. Wanda duk ya yi haka ya aiko mana, mu kuma za mu gwada shi a wannan tasha kamar yadda muke gwada sabuwar waya.