Daga masaukin zango zuwa hayar "mebile" a bakin teku: wa ke biyan kuɗin?

Duk wanda ke da ɗan'uwa mai zuwa Lome saro kaya ya ga irin hotunan nan a WhatsApp: falo da kujeru masu laushi, firji, na'urar sanyaya ɗaki, ga teku ana hangowa ta taga. Ɗaki ne da ake bayarwa haya da kayansa cikakku, wanda ƴan kasuwarmu ke kira mebile, kuma ana biya ne da kwana ko da mako ko da wata.

A da Kwatano ce tasharmu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe gadar Gaya da Malanville. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma hukumomin Yamai suka bar iyakar a rufe saboda dalilan tsaro. Sai kaya suka koma tashar ruwan Lome, manyan motoci na ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera, cikin ayari da rakiyar sojoji. Ayari kuwa ba ya tashi don mutum ɗaya. Wanda ya je da niyyar mako guda sai ya share makonni yana jiran takardun duwan da ranar tashi. To ina zai kwana?

Iyayenmu fatake ba su san wannan tambaya ba. Zango suke sauka wurin mai masauki, ya ba su ɗaki da abinci, ya tsaya musu a ciniki, ya ci la'adarsa. Sai dai tun 1977 aka rushe tsohon zangon tsakiyar Lome aka mai da shi arewacin gari, wajen Agoè, nesa da tashar ruwa. Unguwannin bakin teku irin su Baguida da Avépozo sun fi kusa da inda kwantena take. Wannan hujja ce ta gaskiya, ba mu musa ba. Mutum uku ko huɗu in suka haɗa kuɗi suka kama gida ɗaya, suna dafa abincinsu, yana iya fi musu otal sauƙi.

Amma mu yi lissafi. A ce jika 25 ne a kwana, misali kawai. Kwana 30 ya kama jika 750, ban da kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa, ban da la'adar dillali, wani wurin ma wutar lantarki kai za ka saya. Babban ɗan kasuwa mai kwantena goma ba zai ji ba. Ƙaramin da ya sayar da shanu a kasuwar Dakoro, ya haɗa da bashin dangi don ya sayo mota ɗaya, ribarsa ce ke zubewa kowace safiya. Kuma gaskiyar magana, wasu samarin don hoto suke kamawa, a gani a gida a ce sun faso gari.

Kuɗin nan ba ya tsayawa a Lome. Yana hawa kan buhun shinkafa da jarkar mai tare da kuɗin mota da na jira, ya sauka Maraɗi, ya ƙara wani hawan kafin ya iso nan. Uwargida da ke awo da tiya ba ta taɓa ganin teku ba, amma tana cikin masu biya.

Sai batun damfara. Hoto a Facebook ba gida ba ne: ana iya ɗauko na wani a liƙa, a ce a turo kuɗin kamu, daga nan waya ta mutu. Mai shirin tafiya ya sa wani ɗan gari da ya yarda da shi ya je ya ga ɗakin da idonsa tukuna, kuma a rubuta takarda da ta faɗi kwana nawa ne, nawa aka ajiye, da ranar da za a mayar.