Kwamfutoci a ɗaki ɗaya, takarda kuma sai ta bi ta WhatsApp

Sana'ata haɗa kwamfutoci da gyara su a ƙananan ofisoshin Abuja, daga Garki zuwa Wuse da Utako. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda takarda ke tafiya daga wannan teburi zuwa na kusa da shi. Sakatare ya gama buga wasiƙa, sai ya tura wa oga ta WhatsApp, ko ya zare filas ya ba masinja. Alhali kwamfutocin duka a kan rauta ɗaya suke.

In ka tambaya, amsar ɗaya ce: "Ai na oga Mac ne, namu Windows, ba sa jituwa." Wannan magana ta daɗe da tsufa. Akwai wata hanyar musayar fayil mai suna SMB da aka ƙirƙiro a kamfanin IBM a 1983, Microsoft ya ɗauke ta ya sa a Windows. A 1992 wani ɗan Ostireliya, Andrew Tridgell, ya fitar da manhajar Samba kyauta, wadda ta ba Unix, daga baya Linux, damar shiga zancen. Apple ma tun 2013 ya mai da SMB babbar hanyarsa. Mai Windows zai buɗe folda ya ba da izinin shiga. Mai Mac ya shiga Finder ya rubuta smb:// da lambar waccan kwamfutar. Mai Linux ma haka. Ba ka buƙatar ko sisin data, domin fayil ɗin bai bar ɗakin ba. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga ofis mai ma'aikata biyar.

Amma ni ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Filas ɗin da ya shiga shagon buga takardu da safe shi ne zai shiga kwamfutar akanta da rana, ɗauke da bairos ɗin nan mai ɓoye folda ya bar inuwarta. Takardar albashi da hoton fasfon ma'aikaci kuwa suna kwance a wayar wanda gobe zai iya barin aiki, ko a sace masa ita a cikin tasi. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Sannan ga ruɗani: wasiƙa ɗaya, kwafi huɗu, kowa na rantsuwa nasa ne na ƙarshe.

Masu tsoron buɗe folda suna da hujja, ba zan ƙi ba. A Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya bi ta tsohon samfurin SMB na farko ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila, kuma daga ƙarshen shekarar Microsoft ya fara cire samfurin daga sabbin Windows 10. Abin takaici, har yanzu ina tarar da abokan sana'a sun mayar da shi don wata tsohuwar firinta ta yi aiki, ko sun buɗe folda ga kowa ba kalmar sirri, a kan Wi-Fi ɗin da baƙi ke hawa. Wannan ganganci ne. Gara a canza firintar.

Shugabannin ofisoshi, ku ware kwamfuta ɗaya ta zama ma'ajiya, ku haɗa ta da rauta ta hanyar kebul, wanda za ku samu a Banex Plaza ba tsada. Kowane ma'aikaci da sunansa da kalmar sirrinsa, baƙi kuma a ba su layinsu daban. Ku riƙa kwafe ma'ajiyar a wani faifai kowane mako, kuma kada ku sallami mai haɗa muku sai ya nuna muku cewa SMB na farko a kashe yake.