WAYAR HANNU RUMFAR TALAKA CE

Ya ku 'yan'uwa talakawa, manoma da 'yan tireda da mata masu sana'a a cikin gida, ku saurara!

A da, in manomin Kusada ya kai wake ko gero kasuwar Kankiya ko ta Caranci, abin da dillali ya yanka shi ne farashi. Bai san nawa buhu yake a Dawanau ta Kano ba, balle ya yi gardama. Yau kuwa kafin ya ɗaure bakin buhu sai ya tambayi ɗan'uwansa na Dawanau ta WhatsApp. Matar da ke soya ƙuliƙuli ko ɗinkin hula ta ɗauki hoton kayanta ta sa a Facebook, mai saye daga Katsina ya turo kuɗi ta waya, direba ya kai masa kaya. 'Yarta kuma tana makaranta, ba ta yawon talla. Wannan rumfa ce wadda ba sarkin kasuwa ya raba ta ba, ba a kuwa samunta don sanin wani babba.

To, amma jama'a, wa ke riƙe da mabuɗin rumfar nan? A watan Yuni 2021 Gwamnatin Tarayya ta rufe Twitter, ba ta buɗe ba sai Janairu 2022. A Satumba 2021 aka yanke layin waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda ɓarayin daji, har da Dutsinma da Funtuwa da Malumfashi. Wa ya biya mai ciniki asararsa? A Janairu 2025 Hukumar Sadarwa ta yarda a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Kuɗin da ya kai Naira 10,000 in an tura, Naira 50 ta gwamnati ce. Iyayenmu sun yi fama har Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979. Ashe harajin ya dawo ta cikin waya!

Saboda haka muna kira ga gwamnati ta rage kuɗin data, ta kai wutar lantarki da layi mai ƙarfi ƙauyukanmu, kuma kada a sake rufe wa mai neman halaliyarsa hanya ba tare da an ji ta bakinsa ba.

Ku kuma 'yan kasuwa, ku riƙe amana. Abin da kuka nuna a hoto shi za ku aika, mudu ya cika. Kada ku saki kaya sai kun ga kuɗi sun shiga asusunku da idonku, gama macuta na turo saƙon bogi. Wanda ya iya, ya koya wa maƙwabcin rumfarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya kawo mana sawaba, amin.